Ƙorafi Kan Sauya Tafinta a Tsakiyar Bayanin Mai Neman Mafaka

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko,
Ofishin Shugaba, Ginin Gudanarwa na Jami'a.

Daga:
Ɗaliba a shekarar ƙarshe ta digiri na biyu,
Fannin Tafinta da Fassara,
Sashen Harsuna da Nazarin Hulɗar Ƙasashen Duniya.

Kwanan wata: 17 ga Yuni, 2024

Game da: Sauya tafinta a tsakiyar bayanin wata mai neman mafaka yayin horon aiki na ranar 12 ga Maris, da abin da ya biyo baya, da roƙon jami'a ta ba da shaida a rubuce kafin ranar 9 ga Yuli

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da gaisuwa ta girmamawa, ina addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke wuyanka.

Wannan al'amari ya fara ne ranar 12 ga Maris na wannan shekara, a Ofishin Masu Neman Mafaka, inda sashenmu ke tura ɗalibansa horon sanin makamar aiki bisa yarjejeniyar da ke tsakanin jami'a da wannan ofis. Na san ƙa'ida ita ce takarda irin wannan ta biyo ta hannun Shugabar Sashe. Sau biyu na kai mata, sau biyu ta dawo mini da ita babu sa hannu, shi ya sa na kawo ta ofishinka kai tsaye. Ina neman afuwa kan wannan tsallake, ba raini ya kawo shi ba.

Ni malamar harsuna ce a makarantar sakandare. Na daɗe ina koyarwa kafin hukumar makarantarmu ta ba ni hutun ƙaro ilimi. Harshen da na ƙware a kansa na mutanen ƙetaren iyaka ne, waɗanda rikici ya koro da yawansu zuwa nan. A bakin kakata ta wajen uwa na fara jin sa, da shi take yi mana faɗa, da shi take sa mana albarka, daga baya na karance shi a aji. A cikin ajinmu mu biyu ne kaɗai ke jin wannan harshe: ni, da wani ɗalibi namiji, matashi mai kunya da natsuwa, wanda tun yanzu nake so in bayyana cewa ba shi da laifi a duk abin da zan zayyana.

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. A aji an koya mana cewa tafintan taro, wanda ke zaune a ɗakin gilashi da na'ura a kunne yana juya jawabi nan take, ba ya wuce minti ashirin zuwa talatin sai abokin aikinsa ya karɓe shi, domin ƙwaƙwalwa tana gajiya, harshe ya fara tuntuɓe. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma mun saba da ita a ɗakin gwaji na sashenmu: malami ya saita ƙararrawar wayarsa, ta kaɗa, wannan ya matsa, wancan ya jawo makirufo. Amma a cikin wannan kwas ɗin aka koya mana, daga bakin malamin da ke kula da horon aiki da kansa, cewa tafinta ta gaba da gaba, irin ta asibiti da kotu da ofishin mafaka, hukuncinta daban ne. A can mutum ne a gabanka, ba lasifika ba, kuma ba a sauya masa fuskar da yake magana da ita sai da dalili mai ƙarfi, kuma da yardarsa.

Ranar 12 ga Maris malamin ya ɗauko ƙa'idar ɗakin gilashi ya kai ta ɗakin sauraro. Dalilinsa, kamar yadda ya faɗa mana a mota muna hanya, shi ne mai neman mafaka ɗaya ce rak a harshenmu a ranar, ɗalibai biyu ne ke jiran maki, shi kuma zai tashi zuwa wani taron ƙasa da ƙasa a ƙarshen makon, kuma dole maki su shiga kafin tafiyarsa. Ya ce mu raba ta biyu. Haka ya faɗa, ranka ya daɗe, ban ƙara ba, ban rage ba. Da muka isa, mai karɓar baƙi ta sanar da mu cewa matar ta roƙi a ba ta tafinta mace, kuma ofishin ya amince. Malamin ya dube ni ya ce in shiga. Na ɗauka maganar rabawa ta mutu ke nan.

2. Ba zan ambaci sunan matar ba, ba kuma zan rubuta abin da ta faɗa game da abin da aka yi mata ba. Zan kira ta mai ɗinki, domin sana'arta ke nan. Ta ɗan girme ni. Ta zo da 'yarta, yarinyar da ba ta wuce shekara tara ba, ta bar ta a benci a baranda tare da wata maƙwabciya.

Ɗakin sauraron ƙarami ne: tebur ɗaya, kujeru uku, fanka mai ƙara, gorar ruwa da kofuna biyu. Mu uku ne a ciki, duka mata: ita, da ma'aikaciyar da ke ɗaukar bayani, da ni. Malamin yana ɗakin da ke manne da namu da na'urar saurare a kunne. Shi ba ya jin harshen mai ɗinki, abin da nake fitarwa cikin harshen hukuma kaɗai yake aunawa. An sanar da ita haka, ta amince, tunda ba za ta ga fuskarsa ba.

Duk wanda ya taɓa zama da wanda aka zalunta ya san ba ya shiga maganar ta ƙofa, sai ya zagaya gidan tukuna. Mai ɗinki ta yi maganar unguwarsu, da hanyar da suka biyo, da yadda ta kwance kan kekenta na ɗinki ta naɗe shi a zane ta ɗauko a ka, har inda ƙarfinta ya ƙare ta ajiye shi a gindin wata bishiya. Tana cikin haka ta dubi hannun rigata ta ce duk telan da ya yi mini wannan karkataccen ɗinki ya ci amanata, Allah ya isar mini. Na juya wannan ma, domin ƙa'ida ce a juya komai, ma'aikaciyar ta yi dariya, ɗakin ya ɗan saki. Daga nan ta fara kirana ƙanwata. Sai ta sha ruwa, ta ajiye kofin, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin tebur ta kama gefen mayafina, ta sassauta murya, ta fara ba da labarin ranar da aka shigo gidansu.

Ba ta yi nisa ba aka buɗe ƙofa. Malamin ne, ƙararrawar wayarsa ba ta ma gama kaɗawa a hannunsa ba, ɗalibin nan yana bayansa yana noƙewa. Ya nuna kujerata da yatsa. Na yi abin da aka koya mana a irin wannan hali: na ɗaga hannu, na ce tafinta tana neman izinin magana da bakinta, na bayyana cewa mai bayani ta roƙi mace, an amince mata, kuma tana tsakiyar magana mai nauyi. Ma'aikaciyar, wadda daga gani sabuwa ce a aikin, ga kuma layi yana jiran ta a waje, ta dubi malamin. Ya ce tsarin tafintoci hurumin jami'a ne, ɗalibin kuma ƙwararre ne. Ya ƙara da cewa in ban tashi ba zai janye mu duka biyu, matar ta je ta jira wasu watanni kafin a sake samo mata mai jin harshenta. Ma'aikaciyar ta ce a ci gaba.

Na tashi bisa umarni. Mai ɗinki ba ta gane abin da ake faɗa ba, domin babu wanda ya ba ni damar juya mata. Hannunta yana nan a mayafina. Sai da na zare shi yatsa bayan yatsa kafin na iya fita.

3. Abin da ya faru bayan fitata, ɗalibin ne ya gaya mini a baranda. Ya ce tana ganin ya zauna ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, ta haɗa hannuwa a cinya. Duk tambayar da aka yi mata, amsarta ɗaya ce: shi ke nan, babu wani abu kuma. Ya ce ya sassauta murya, ya kira ta Inna, ya kawar da kansa gefe don kada su haɗa ido, duk a banza.

Ranar 30 ga Afrilu ofishin ya ƙi amincewa da buƙatarta. Dalilin da aka rubuta shi ne an ba ta cikakkiyar dama, amma ba ta nuna wani haɗari da ya shafe ta ita kanta ba, ban da wahalar da ta shafi kowa. Ranka ya daɗe, ma'anar wannan hukunci a fili take. In ɗaukaka ƙararta ta faɗi, za a mayar da ita da 'yarta wurin da suka gudo, inda mutanen da ta fara ba da labarinsu suke har yanzu, kuma sun san fuskarta.

A tsakiyar watan Mayu wata lauya ta ƙungiyar agaji ta neme ni har sashenmu. Ta ce mai ɗinki ba ta san sunana ba, abin da kawai ta ce shi ne a nemo mata ƙanwarta mai karkataccen hannun riga. Na je ofishin lauyar. Na yi tsammanin za ta kawar da kai daga gare ni, ba ta yi ba. Ta tambaye ni yara da maigida, ta zaro allura da zare daga ƙullin ɗankwalinta, ta kama hannun rigar da na sa a ranar, wadda ba ma ita ce ta farko ba, ta hau gyara lauya tana magana. Ba ta ce da ni don me na tashi ba. Da ta tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Bayanin lauyar shi ne: kwamitin ɗaukaka ƙara, wanda zai zauna ranar 9 ga Yuli, ba ya saurin yarda da labarin da ya girma bayan hukunci. Suna ɗaukar sa ƙari ne da aka koya wa mutum, sai in an nuna musu dalilin da ya hana a faɗe shi tun farko. Rubutun ofishin bai ambaci an sauya tafinta ba, abin da kawai ya ce shi ne ɗaliban jami'a ne suka yi aikin. An yi wa ma'aikaciyar canjin wurin aiki, ofishin kuma ya ce a tambayi jami'a, tunda ita ta tsara. Saboda haka abu biyu ne kaɗai za su iya buɗe mata ƙofa: shaidar jami'a a rubuce, ko kuma shaidar tafintar da aka tasa.

4. Ranar 8 ga Afrilu, tun kafin hukuncin ofishin ya fito, aka liƙa sakamakon horon aiki a allon sashe. An kayar da ni. Dalilin da aka rubuta shi ne shigar da kai cikin bayani da saɓa ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare. Wannan faɗuwa ta sa an ɗage kare kundina har sai na maimaita horon.

Na je ofishin malamin cikin ladabi don neman ƙarin bayani. Bai ce in zauna ba. Ya ce tafinta bututu ne, ruwa ne ke bi ta cikinsa ya wuce, kuma shi bai taɓa ganin bututun da ya ɗaga hannu ba. Ya ce in goyon 'ya'yan jama'a nake so, sashen aikin jin ƙai yana hawa na ƙasa, ƙofa ta biyu. Ya ce matsalar irinmu, matan da suka girma suka dawo aji, ita ce mun ɗauka ko'ina falon gidanmu ne. Na tuna masa cewa hanyar da na bi wajen neman izini tana cikin darasin da shi ya rubuta ya raba mana. Ya ce takarda daban, fili daban, ya mai da kansa kan kwamfutarsa.

Ba na jayayya da iliminsa, ranka ya daɗe. Na amfana da shi ƙwarai, kuma wanda ya koya maka harafi ɗaya yana da haƙƙi a kanka. Amma rashin ɗaukar ɓangare, yadda na fahimce shi, yana nufin kada in ƙara wa mai magana gishiri, kada in rage mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya rage maganarta shi ne wanda ya buɗe ƙofa.

5. Ranar 21 ga Mayu, bayan ganawata da lauyar, na je wurin Shugabar Sashe na roƙi sashen ya rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru. Ta karɓe ni da mutunci, ta zaunar da ni, ta kira ni 'yata. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ma abin ya taɓa ta. Sannan ta ce yarjejeniyarmu da ofishin za a sabunta ta a watan Agusta, ga kuma tawagar wata jami'ar waje da muke neman ƙawance da ita tana tafe. In sashen ya sa hannu cewa ya mai da zaman mai neman mafaka jarrabawa, ofishin zai rufe mana ƙofa, ƙannena da ke tafe su rasa wurin horo, kuma masu neman mafakar kansu su rasa tafintoci. Ta ce faɗan da ya fi ƙarfinki ki mai da shi wasa. Ta yi mini alkawarin in na yi haƙuri na maimaita horon zango mai zuwa ba tare da hayaniya ba, ita da kanta za ta tsaya a kan makina.

Na gode mata. Na ce mai ɗinki ba ta da zango mai zuwa. Shugabar ta ce Allah yana tare da matar. Na amsa da amin, domin gaskiya ne. Sai dai a ranar 12 ga Maris, mu Allah ya ajiye a ɗakin sauraron.

Ba na raina damuwar Shugabar Sashe. Na san wahalar da aka sha kafin a samu wannan yarjejeniya, kuma na san akwai ɗaliban da ke jiran ta. Amma ina ganin ofishin da zai rufe mana ƙofa don mun faɗi kuskurenmu, zai fi saurin rufe ta ranar da ya ji shi daga wani bakin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ramin shiru ma bai fi shi tsawo ba.

6. Ranar 3 ga Yuni aka ba ni takardar gargaɗi daga kwamitin ladabtarwa na sashe. Ta ce duk bayanin da na yi a gaban wani kwamiti na waje game da abin da ya gudana a ɗakin sauraro zai zama karya rantsuwar riƙe sirri da na yi kafin horo, kuma sashen zai ba da shawarar a cire sunana daga cikin ɗalibai.

Na yi wannan rantsuwa da hankalina, kuma ban ɗauke ta wasa ba, domin na san wanda za a tsaya a gabansa a amsa tambaya kan alkawari. Ita ce dalilin da ya sa ko maigidana bai san kalma ɗaya daga abin da mai ɗinki ta faɗa ba, ita ce kuma dalilin da ya sa babu sirrinta a cikin wannan takarda. Amma rantsuwar an yi ta ne don ta kare mai magana. Sirrin nata ne, ba na sashe ba. Ita ce ta aiko a neme ni, ta kuma amince a gaban lauyarta. Abin da za a tambaye ni ba abin da ta faɗa ba ne. Za a tambaye ni ko ta roƙi mace, ko tana tsakiyar magana aka tashe ni, da kuma wa aka zaunar a madadina. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sirrinta. Ina roƙon mai girma Shugaba ya duba ko daidai ne a ɗauki mayafin da aka tanada don rufe wadda aka zalunta a rufe wani da shi.

7. Game da abokin karatuna. Bayan abin da ya faru ya ɗauke ƙafa daga aji na wani lokaci, da ya dawo kuma ya nemi a sauya masa batun kundi daga tafinta zuwa fassarar rubutu. Ya same ni a ɗakin karatu ya ce, in ana so shi ma zai je ya faɗa, yana kirana Yaya yana share ido da bayan hannu. Shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan mataki, kuma an ba shi da baki irin gargaɗin da aka ba ni a rubuce. Na ce ya zauna, bakin mutum ɗaya ya isa. Ina roƙon duk abin da zai biyo bayan wannan takarda kada ya taɓa shi. An tura shi ne ya shiga, kamar yadda aka tura ni na fita.

8. Ba al'adata ba ce in kawo maganar gida ofis, amma ina so mai girma Shugaba ya san ba da wasa nake auna abin da zan iya rasawa ba. Kundina ya kammala, yana kan kabad a ɗakina an lulluɓe shi da leda saboda ƙura. Yarana suna kiran sa autan gida, wai shi kaɗai ne ba a yi wa tsawa in ya hana ni barci. Maigidana, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti, shi ya ɗauki kai yara makaranta tun da na fara wannan karatu, ya koyi haɗa abincin safe har yaran suka daina ɓoye shi a jaka. Hutun da makarantarmu ta ba ni zai ƙare a watan Satumba, kuma ba a ba mutum irinsa sau biyu. A shekaruna, in wannan ƙofa ta rufe, ban ga wata a gaba ba.

Da na nuna wa maigidana takardar gargaɗin, ya karanta ta. Ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in yi tunani, in yi istihara. Ya ce shi ba zai hana ni ba, ba kuma zai tura ni ba, amma ya lura tun watan Maris abinci ba ya zama a cikina. Mahaifiyata kuwa, da na je mata da maganar a dunƙule, tambaya ɗaya ta yi mini, ko matar tana da wani a nan wanda zai tsaya mata. Na ce babu. Ta ce to me na zo tambayar ta, ta ci gaba da jan carbinta.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon mai girma Shugaba da ya taimaka da waɗannan:

(a) Jami'a ta rubuta wa kwamitin ɗaukaka ƙara, ta hannun lauyar mai ɗinki, kafin ranar 9 ga Yuli, tana tabbatar da abu uku: cewa mai bayani ta roƙi tafinta mace an amince mata, cewa an sauya tafinta a tsakiyar bayaninta aka zaunar da namiji, saboda dalilin ba da maki, da cewa tafinta ta farko ta nemi kada a yi hakan ba a saurare ta ba. Ba na neman a zargi kowa a cikin takardar. Layi uku sun wadatar. Adireshin lauyar yana tare da sakataren ofishinka.

(b) A janye gargaɗin ranar 3 ga Yuni, ko kuma ofishin shari'a na jami'a ya fayyace a rubuce wa rantsuwar riƙe sirri take karewa.

(c) A dakatar da sauya ɗalibai da agogo a ɗakunan sauraro, kuma a haramta ba da maki a zaman da rayuwar mutum ta rataya a kansa, sai in ɗalibi ɗaya zai fara ya kuma ƙare.

(d) A ba wani malami da ba shi da hannu a lamarin ya sake duba makina na horon aiki. Na sa wannan a ƙarshe da gangan. Ina roƙon kada a ɗaure shi da na farko, kada kuma a jira a gama bincike a kansa kafin a rubuta wancan. In ɗaya ne kaɗai zai yiwu a cikin lokacin da ya rage, a yi na farko.

Ranka ya daɗe, na san teburinka cike yake da takardu, kuma kowace mai ita yana ganin tasa ce ta fi gaggawa. Na san kwamitoci suna da lokacin zamansu, kuma ba a gaggauta su don ɗaliba ɗaya. Ban rubuto don in tozarta malamina ko sashen da ya rene ni ba. Ina ƙaunar wannan aiki, kuma da shi na so in ƙare rayuwata ta koyarwa. A shirye nake in bayyana a gabanka ko gaban duk wanda ka wakilta, a kowace rana aka kira ni, in maimaita abin da ke cikin wannan takarda a gaban waɗanda na ambata.

Ina gode maka da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Duk inda harshena ya yi kaifi, a yafe mini, ba da nufin rashin ladabi ba ne. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Abu na ƙarshe, don kada ya zo wa ofishinka a ba-zata. Na riga na sanar da lauyar ta sa sunana cikin masu ba da shaida. Ranar 9 ga Yuli, in Allah ya kai mu, zan je gaban kwamitin in faɗi abin da ya faru, ko jami'a ta rubuta ko ba ta rubuta ba, ko an janye gargaɗin ko ba a janye ba.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)

Ɗalibar digiri na biyu, shekarar ƙarshe,
Fannin Tafinta da Fassara,
Sashen Harsuna da Nazarin Hulɗar Ƙasashen Duniya.